Me Ya Sa Wasu Atam Ba Sa Manta Inda Suka Fara?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen fiziks na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. An koya mana cewa ƙwayoyin da ke cuɗanya da juna, komai daɗewa sai zafinsu ya daidaita. To ta yaya ake cewa a fagen kwantum wasu kan killace su ƙi bazuwa, kuma me ya sa ake gwada hakan a tsarin da ba ya maimaita kansa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da aka koya maka gaskiya ne a mafi yawan lokuta, kamar yadda ɗigon tawada ke watsuwa cikin ruwan randa har a kasa gane inda ya faɗa. Sai dai a 1958 Philip Anderson ya nuna cewa idan aka hargitsa ƙarfin gidajen da ilaktron ke tsallakawa, wato guraben da yake iya zama a cikin abu, igiyoyinsa (domin a fagen kwantum ƙwaya na tafiya kamar igiyar ruwa) kan soke juna har ya tsaya wuri guda. A 2006 Basko da Aleiner da Altshuler suka kawo hujjar cewa killacewar tana iya wanzuwa ko da ƙwayoyin suna tunkuɗar juna.

Tsarin da ka tambaya a kansa ya samo asali daga aikin Aubry da André na 1980, inda ake ɗora igiyoyi biyu waɗanda tsawonsu ba ya taɓa dacewa, shi ya sa tsarin ba ya maimaita kansa. Idan gidajen suna jere a layi ɗaya, hargitsi na gaba-gaɗi, wanda ba ya bin kowane tsari, ko ƙanƙane ne yana killace ƙwaya, amma a nan sai ƙarfin igiya ta biyu ya haura ninki biyu na ƙarfin tsallakawa daga gida zuwa gida.

A 2015 ƙungiyar Immanuel Bloch a Munich ta Jamus ta gwada wannan da atam na potasiyam-40, da hasken leza biyu masu tsawon nanomita 532 da 738. Suka jera atam ɗin gida ɗaya da atam, na kusa da shi fanko, sannan suka sake su. Inda igiya ta biyu ke da rauni, nan da nan jeren ya ɓace. Inda take da ƙarfi kuwa, alamarsa ta tsaya har ƙarshen awon.

Muhimmancin wannan tsari, a ganina, ya fi na sauƙin haɗa leza. A hargitsi na gaba-gaɗi akan samu, bisa sa'a, wani yanki mai sanyin hargitsi wanda ke daidaita zafinsa, kuma De Roeck da Huveneers sun nuna a 2017 cewa irin wannan yanki na iya cinye maƙwabtansa sannu a hankali har killacewar ta rushe. Igiyoyin Aubry da André ba sa samar da irin wannan yanki, shi ya sa masana da yawa ke ganin killacewar ta fi ƙarko a cikinsu. Duk da haka, lissafin kwamfuta na ainihi bai wuce gidaje 'yan gomomi ba, awon ɗakin gwaji kuma gajere ne, don haka idan za ka rubuta a kundinka, ka ce an ga killacewar a tsawon lokacin da aka auna, kada ka ce ta har abada ce.