Hukuncin cin kifin shak da sayar da fikafikansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar busasshen kifi a kasuwar Galadima a nan Kano. Wani abokin huldata a Legas ya ce zai riƙa turo mini naman shak, kuma ya ce akwai kuɗi a fikafikansa. To na ji ana cewa yana cin mutane kuma yana da fiƙa. Ya halatta in ci, in kuma sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Cin namansa halal ne, sayar da shi ma haka. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta muku farautar teku da abincinsa. A Muwaɗɗa kuma Annabi (SAW) ya ce game da teku: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Shi ya sa Shehu Halilu, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa dabbar ruwa cikin abin da ya halatta, ko da matacciya ce. Hanin da hadisi ya yi na cin dabba mai fiƙa kuwa, malamai sun ɗauke shi a kan namun dajin tudu.

Batun cin mutane kuwa, ɗan'uwa, an zuzuta shi. Shak ya haura iri 500, kuma kaɗan ne cikinsu ke kai wa mutum hari. Babbansu duka ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa ya haɗiye. Wasu na gaɓar teku mai ɗumi kamar namu na Tekun Gini, wasu na ruwan sanyin Girinlan, akwai ma wanda ke haurowa kogin Zambezi. A Tiga ko Bagauda dai ba za ka gan shi ba.

Inda nake so ka tsaya shi ne fikafikai. Masunta da yawa kan kama shi, su yanke fikafikan, su jefa shi ruwa da ransa ya nutse, don ana miya mai tsada da su a Sin. Wannan aiki haramun ne: azabtarwa ce da almubazzaranci, alhali hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Sahihu Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kome, har wajen kisa. Shi fiffiken ba najasa ba ne, tunda mushen ruwa halal ne, amma mai saye yana ƙarfafa ɓarnar.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan kifi ɗaya ba. Manyan shak su ne zakunan teku, su ke rage raunana da marasa lafiya cikin kifaye. A yammacin Ostireliya an lura tsoronsu ne ke hana kunkuru da wani dangin ayu cinye ciyawar ƙarƙashin ruwa, inda ƙananan kifaye ke girma. Ga shi shak yana jinkirin balaga, haihuwarsa kaɗan, in an ƙarar da shi a wuri ba ya saurin dawowa. Aya ta 41 ta Suratur Rum, mai maganar ɓarna a tudu da teku, ta shafi irin wannan.

Don haka ka sayi naman in kifin an kamo shi cikakke, ba kuma irin da hukuma ta hana kamawa ba. Fikafikan da ba ka san yadda aka same su ba, ka bar su. Mai juna biyu da ƙananan yara su guji namansa, likitoci sun ce yana tara makyuri, wani sinadari mai guba. Wallahu a'alam.