Amsar tambayar Anti kan sitem sel da ƙona cutar kansa

Salamu alaikum jama'ar gida. Anti ina wuni, ya jikin Gwaggo? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga bidiyon da kika turo, kina tambaya wai da gaske ana tura sitem sel, wato ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyin, su kai ƙarfe cikin cutar kansa a ƙone ta, kuma ko ku dakata da zuwa asibitin Shika ku nemi wannan. Bari in yi da baki, rubutu zai yi tsawo.

Binciken dai akwai shi. Ƙwayar kansa ba ta jure zafi. Jikinmu yana kan digiri 37, in aka ɗaga zafin ƙarin zuwa 42 ko 45 sai ta fara mutuwa, ko ta yi laushi yadda gashin inji da kimo, wato maganin kansa na allura ko na sha, za su fi cin ta. Shi ne ake yin wani garin ƙarfe da ido ba ya gani, in ya shiga ƙarin a kunna masa injin maganaɗisu, ya ɗau zafi daga ciki. Wasu da zinare suke yi, su haska masa leza, wato wani haske mai ƙarfi.

To kaiwar ce aiki. In aka yi allurar ta jijiya, hanta da saifa ne ke tsince yawancinsa. A 2016 an tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara 10, aka ga abin da ke isa ƙarin ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba. Nan sitem sel suka shigo. Ana samun su a ɓargo da kitse da igiyar cibiya, kuma ɗabi'arsu ce su nufi inda rauni yake. Ita kuwa kansa, jiki kallon gyambo yake mata. Sai masana suka ce to a ɗura musu garin su kai, kamar ki ba ɗan acaban da ya san lungunan cikin birni saƙo. Wallahi dabarar ta burge ni.

Amma Anti, a ɓeraye ake yawancin wannan. Da yawan sitem sel ɗin a huhu suke maƙalewa tun a hanya, kuma a wasu gwaje-gwajen ma taimaka wa ƙarin suka yi ya girma. Cikin waɗanda aka yi wa mutane akwai NanoTherm na Jamus, Turai ta amince da shi a 2010 don kansar ƙwaƙwalwa, shi ma kai tsaye ake tsira allurar cikin ƙarin, babu sitem sel a ciki.

Saboda haka don Allah kada Gwaggo ta tsallake ranar asibiti ko ɗaya. Masu tallar kafso da garin shayi da sunan sitem sel kuwa, ƙwaya mai rai ba ta zama a leda a kan kanta, balle ta wuce ciki da ranta. In an riga an kawo muku, ki ɗauko min hoton kwalin gaba da baya kafin ta sha, kuma ki nuna wa likitanta.