Ina Kaza da 'Ya'yanta Suka Shiga?

Tambaya: Malam, ina aikin lambu a Miriya, kusa da Damagaram. Maigidana ya dasa inabi a kan rumfa. Da rana ban-ruwa da korar tsuntsaye, da dare gadi a kan tabarma, idona a sama. Da hunturu Kaza da 'Ya'yanta na bisa kaina bayan isha'i. Yanzu da bazara na neme su na rasa.

Amsa: Ɗan'uwa, ba su ɓata ba. Duniya ce ke zagaya rana, shi ya sa kowace tauraruwa ke riga fitowarta ta jiya da kusan minti 4. Ka tara na wata guda, awa 2 ke nan. Zuwa watan Mayu sai su zo daidai da rana, haskenta ya rufe su. Ka duba gabas da asuba a ƙarshen Yuni, za ka gan su, idan hadari ya bari. Hasken nasu ma ya yi tafiyar shekara sama da 400 kafin ya iso lambunku. Ni da ke cikin gari, fitilu sun hana ni ganin rabinsu. Inabin fa, ya nuna?