Amsa a kan filin yaƙi mai gidaje kusurwa shida: a yi oda ko a yanka a gida?

Wa alaikumus salam ƙanena. Idan na fahimce ka, yayanka ya kawo maka ƙananan sojojin roba daga Faransa, irin 1/72 ɗin nan (wato an rage girman mutum sau 72), kana so ka yi musu filin yaƙi mai gidaje kusurwa shida wanda ake harhaɗawa a wargaza a sake, kuma kana tambaya ko ka yi odar na turawa ne ko kafinta ya yanka maka a nan Marwa, sannan wane girma ya dace. To ni a Garwa nake, na jima ina wannan harka da wasu abokai, bari in faɗa maka yadda muke yi, sai ka ɗauki abin da ya yi maka.

Maganar oda dai ka ajiye ta tukun. Akwai su kam, kamfanin Kallistra na Ingila yana yin wanda suke kira Hexon, na roba ne, kowane gida santimita 10, gida shida-shida a manne. Akwai kuma Heroscape da ya fito a 2004, shi gidajensa ƙanana ne, ba su kai santimita 5 ba, suna shiga juna a ɗora wani kan wani. Suna da kyau wallahi, ba na kushe su. Amma ka lissafa kuɗin jirgi, ka lissafa duwan (kuɗin kwastan), ka lissafa wanda zai karɓo maka daga Duwala ko Yawunde ya sa a mota har Marwa, kuma kwalin babba ne don iska ce ta fi yawa a ciki. Sannan launin da aka fi gani kore ne shar irin ciyawar ƙasarsu, in ka ce za ka buga yaƙin Kusiri, wanda Rabe ya yi da Faransawa a 1900, a kai sai abin ya zama wani iri. Gara ka yi naka, amma fa da sharaɗi, ma'auninka ya zama guda ɗaya tak kuma daidai, don duk wanda na ga allonsa ya lalace daga nan ne matsalar ta faro.

Bari in yi maka bayanin lissafin don a nan ake faɗuwa. Shi gida mai kusurwa shida faɗi biyu gare shi, daga gefe zuwa gefe, da kuma daga tsini zuwa tsini, kuma ba ɗaya ba ne. In an ce gida mai santimita 10 ana nufin gefe zuwa gefe. To kowane ɓari nasa zai zama 5,77, tsini zuwa tsini kuma 11,55. Ka samo kompa irin na 'yan lise, ka buɗe shi 5,77 ka zana da'ira, kada ka taɓa buɗin, ka bi bakin da'irar kana sa alama, sau shida zai zagayo ya dawo inda ka fara, sai ka haɗa alamun da rula. In bai dawo daidai ba kompan ya motsa, sake. Wannan zanen ka kai wa mai walda ko maƙeri ya fitar maka da shi a falankin ƙarfe, ya huda ƙaramin rami a tsakiyar cibiya. Kada ka yi shi da kwali, reza tana cin bakinsa kaɗan-kaɗan, kafin ka yanka talatin ya riga ya rame. Gwajinsa kuwa mai sauƙi ne, ka zana shi a takarda, ka juya shi ɓari ɗaya ka mayar cikin zanen, ka yi ta juyawa har shida, in ko'ina ya zauna cif to ya yi. Mutane suna raina milimita ɗaya, amma jeri mai gida 13 in kowane ya yi kuskuren milimita ɗaya kafin ka kai ƙarshe an tara santimita ɗaya da wani abu, sai ka ga fili duk giɓi, hanya ta karkace, soja yana faɗawa rami. Kuma kowane gida daga ƙarfen nan za ka zana shi, ba daga ɗan'uwansa da ka yanka yanzu ba.

Girma kuwa, sojojinka ne za su gaya maka. Ka jera runduna guda yadda kake so ta tsaya, misali mutum huɗu ko dawaki uku a kan gindi ɗaya, ka auna, sannan ka bar wurin bishiya ko bukka a gefe. Ga 1/72 santimita 10 ya ishe ka, 9 ma tana yi. Ka kuma duba tebur. Wasan Memoir '44 filinsa gida 13 ne a faɗi, jeri 9, duka 113, kuma wannan ya isa a yi yaƙi mai daɗi na awa ɗaya. Da gida mai santimita 10 filin zai ci kusan 130 da 81. Da mai 9 kuwa 117 da 73 ne, shi kuma falankin kontirplake (filawud) 122 da 244 yake zuwa, in kafinta ya raba shi uku kowane kashi zai ɗauke filin har da ragowar wurin ajiye ɗan ludo. Amma in ka ce sai teburin turawa na 120 da 180, to ka shirya yanka gida wajen 240, ka ga kuwa aiki ne.

Shi ya sa nake cewa kada ka yanka duka filin guda-guda. Yawancin kowane fagen yaƙi fili ne kawai, to me ya sa za ka wahala kana jera gida ɗari na fili duk ranar wasa, yaro ya bugi tebur komai ya watse? Ka yi shimfiɗa guda, katako ko ma zane mai kauri launin ƙasa, ka zana gidajen a kai. Yadda ake zanawa, ka ja layuka a kwance tsakaninsu santimita 8,66 (in gidanka mai 10 ne), a kan layi na farko ka sa ɗigo duk santimita 10, a na biyu ka matsa da 5 sannan ka ci gaba da goma-goma, haka har ƙasa, sai ka ɗora ramin ƙarfenka a kan kowane ɗigo, tsini yana kallon sama, ka zagaye. Ba sai ka ja layi baƙi ƙirin ba, ɗan ɗigo a kowace kusurwa ya wadatar, ido yana ganewa kuma filin ya fi kyau. Waɗanda za ka yanka su ne abin ɗorawa kawai, tudu, kurmi, gari, hanya, mayo (wato rafi). In kuma ka nace sai duka filin ya zama na harhaɗawa, to ka manna su bakwai-bakwai, ɗaya a tsakiya shida kewaye, suna shiga juna ba saura.

Hanya da ruwa su ne inda ake gane wanda ya yi tunani kafin ya fara. Doka ɗaya ce, duk hanyar da za ta fita daga gida ta fita ta tsakiyar ɓari, kuma faɗinta a bakin ya zama iri ɗaya a kowane gida, ka ce santimita 3 to 3 ɗin har abada. Ka sa mai walda ya yi maka 'yan tsaga biyu a kowane ɓarin ƙarfen don alama. A cikin gidan kana iya lanƙwasa ta yadda ka ga dama, bakin ne dai ba a wasa da shi. Iri uku ne kacal: miƙaƙƙiya da ke fita ta ɓarin da ke fuskantar mashiga, kwana mai sauƙi da ke tsallake ɓari ɗaya, da kwana mai tsanani da ke fita ta maƙwabcin ɓari. Ka yawaita na farko da na biyu, na ukun biyu ma sun isa, sai mararraba guda biyu ko uku. Mayo ma haka, kuma mu nan mun yi sa'a don mayonmu rabin shekara yashi ne, ni nawa fuska biyu na yi musu, gefe ɗaya busasshen yashi ɗaya gefen ruwa, in labarin yaƙin na damina ne sai a kifa. Babban kogi irin Logon ko Binuwai kuwa ba a tsaga shi a tsakiyar gida, gidan gaba ɗaya ake mayarwa ruwa.

Kayan aiki duk suna kusa da kai. Farin soson nan da ake tallafe firigo da talabijin a cikin kwali, shi ne na tudu, masu shagon kayan wuta zubarwa suke yi. Ka yanka shi da sabuwar reza, kaurin santimita 2 kowane hawa, kuma samansa ya zama a baje, don tudu mai gangara kyau ne da shi a hoto amma soja ba ya tsayuwa a kai. Kada fentin fesawa ko kol (gam) mai warin fetur ya taɓa shi, narkewa yake kamar man shanu a rana, farin kol na kafintoci shi ne abokinsa. Na hanya da mayo na fi son falankin roban da masu ɗinkin takalma ke yin tafin silifa da shi, ba ya kumbura ba ya karyewa. Ka debo yashin mayo ka wanke ka shanya ka tankaɗe da rariya, ka shafa farin kol ka barbaɗa, in ya bushe ka sake bi da kol da aka tsinka da ruwa da ɗigon sabulu don ya shige. Ciyawa kuma dusar katako ce da aka rina da fenti, ka yi mai ruwan ƙasa-ƙasa da rawaya ta fi yawa. Wani abokinmu daga Njamena ya gwada ƙaro tunda a wajensu yana da araha, ya kama da kyau lokacin rani, da Agusta ta zo da laima sai komai ya yi danƙo, don ƙaro ruwa yana sake narka shi. Kunun rogo ko na fulawa ma kada ka fara, kyankyaso da ɓera za ka gayyata. In katako ne ka yi masa fenti gaba da baya, in ka shafa fuska ɗaya kawai zai banƙare. Kuma da hunturu fentin ruwa kafin ka juya ya bushe a buroshi, ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan. Ajiya a cikin kantin ƙarfe ko bokiti mai murfi, a ɗaga daga ƙasa saboda gara, kuma ban da ɗakin da kwano ke gasawa a watan Afrilu.

Bishiya waya ce ta wuta, ka fiɗe ta ka murɗa zaren tagullar su zama gindi da rassa, ka manna gutsuren soson katifa. Kuka ta fi sauƙi, gindi ƙato da 'yan rassa tsirara. Kada ka manne su a jikin gidan, ka bar su a ɗage a sa soja a mayar. Af, in yaƙin 1900 kake bugawa kada ka cika filin da dogon yaro don ka ga ya cika titunan Marwa yau, daga baya aka kawo shi, asalinsa Indiya.

Me ya sa ma ake wannan wahala? Saboda gida mai kusurwa huɗu in ka bi ta kusurwa ka yi tafiyar da ta fi ta gefe da kusan kashi 40 cikin ɗari, shi kuwa mai shida maƙwabtansa shida duk nisansu ɗaya. Ba tef, ba gardamar wai bindigata ta kai ko ba ta kai ba, ƙirga gida kawai, in ana shakkar ko tudu ya tare gani a ja zare daga cibiya zuwa cibiya. Tun wajen 1961 kamfanin Avalon Hill na Amurka ya fara sa shi a wasanninsa, daga nan ya bazu. Amma yana da nasa aibin, sahu yana miƙewa sak ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuwa sai ya yi zigizag. Don haka ka shimfiɗa filin yadda miƙaƙƙen jerin zai bi faɗin tebur, gaban kowane ɗan wasa, kuma runduna ta fuskanci tsini ba ɓari ba, sai ya zama gida biyu gabanta, biyu gefe, biyu baya, wanda ya zagayo ta baya kowa ya gani ba musu.

Abin da ya fi min daɗi shi ne da gutsure ashirin zuwa talatin za ka buga tarihinmu na nan. Kusiri, 22 ga Afrilu 1900, ranar da Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, ya faɗi kuma kwamandan Faransa Lami ma ya mutu, wanda aka sa wa Fort-Lamy sunansa kafin ta koma Njamena a 1973, ba ka buƙatar komai sai jerin ruwa a gefe ɗaya, sansani mai shinge, da kurmi. Ko Mora, inda Bajamushe von Raben ya hau dutse ya ƙi sauka tun 1914 har Fabrairun 1916, a nan ne hawa-hawan soson nan ke nuna amfaninsu, ka ɗora uku ko huɗu ka zuba tsakuwa, mai hawa ya biya tafiya biyu a kowane gida, nan take za ka gane dalilin da ya sa aka kasa fitar da shi da ƙarfi. Sai dai shawara, yadda yankin yake yanzu kada ka ɗauki taswirar Mora mai alamun soja ka bi ta bariyer da ita a jaka, kafin ka gama yi wa jandarma bayanin wasa ne rana ta faɗi.

In kuma a gida akwai wanda ransa bai kwanta da mutum-mutumi ba, kamar yadda ya faru da ɗaya daga cikinmu, 'yan gutsuren katako masu launi da tuta suna yin aikin, da gutsure masu launi hafsoshin Prusiya, tsohuwar daula a Jamus, suka riƙa yin nasu wasan tun 1824, kuma filin bai canza ba. Ka auna min faɗin gindin da ka ɗora sojojin da tsawon teburinka, ka gaya min ko akwai dawaki da igwa a cikinsu, sai in lissafa maka ko 9 ko 10 kafin ka je wajen mai walda.