Amsa ta murya kan ramukan yashin da ke riƙe ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari saƙonka, kana neman inda za ka samu tifar yashi mai sauƙin kuɗi saboda ramukan yashin filin golf ɗinku suna kwana da ruwa. To ni dai ban ga laifin yashi a nan ba. Ko tifa nawa ka juye, ruwan Yuni na Akra ya sauko sau ɗaya, da safe kududdufi za ka tarar.

Ɗauki shebur ka je inda ramin ya fi zurfi, ka tona har ka iske fayif ɗin nan mai huda-huda da ke kwance cikin tsakuwa. Zuba masa bokitin ruwa. In bai wuce ba, laka ta toshe shi. Bi shi har inda yake zubarwa, sau da yawa a can saiwar ciyawa take cushewa.

Ai ka san yadda lakar ke shiga. Ruwa ya gangaro, ya wanke yashin gefe, ya kwaso jar ƙasar nan tamu ya shimfiɗa a sama. Yara su zo da sassafe su gauraya komai da manjagara. Shi ke nan an kashe yashin. A fara kankare lakar saman da shebur, a fitar da ita a baro, sannan a mayar da yashi gefe. Zurfi kuwa inci 4 a ƙasa, inci 2 a gangare. A'a tsaya, bayan an danne shi nake nufi, ba yana sako-sako ba. In yashin gangaren ya fi haka zurfi, ƙwallo nutsewa take yi.

Kuma don Allah kada wani ya kawo maka yashin bakin teku. Wani ɗan kwangila ya taɓa yi mana haka a inda na yi aiki. Na damƙa a hannu, ƙwayarsa mulmulalla, ga ɓawon katantanwa, ga gishiri. Na ce ba zai zauna ba, aka ce ni ɗan shara ne, me na sani? Ciyawar bakin ramin ta ƙone, ɓawon ya riƙa dakushe wuƙar injin yankan ciyawa, mu kuma aka bari da rairaya a rana. Mutumin ya karɓi kuɗinsa cif. Wallahi har yau in na tuna... bari dai.

Yashi mai kaifi-kaifi wanda aka wanke za ka nema, ƙwayar kada ta wuce milimita 1. Masu bugawa a filayen golf na Achimota da Sakumono su ne dai ke zuwa wajenku, da sun taka za su gane. Maganar hunturu da iskar da ke kwashe yashi sai wani lokaci. Tona fayif ɗin tukuna, ka turo mini hotonsa a nan.