Rufin asirin da dattawa suka roƙa maka

Assalamu alaikum ɗana,

Saƙonka ya iso. Ka ce ranar ɗaurin aurenka ka lura duk dattijon da ya ɗaga hannu, rufin asiri da wadatar zuci yake roƙa maka, babu wanda ya buɗe baki ya ce Allah ya ba ka dukiya mai yawa. Shi ne kake tambaya ko wannan al'adar rarrashin talaka ce kawai, tunda a ganinka duk faɗin Gombe babu mai jin daɗi kamar mai kuɗi.

Akwai inda kake da gaskiya. Mutumin da matarsa ke naƙuda, likita ya ce sai an yi mata aiki, shi kuwa aljihunsa ko sisi, kada wani ya je masa da wa'azin wadatar zuci. Kuɗi yake bukata a wannan daren. Manzon Allah (SAW) ya nemi tsari daga talauci, kuma ya ce wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya bar magadansa cikin wadata ya fi ya bar su suna roƙon mutane. Sayyadina Usmanu da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne, kuma suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Saboda haka babu dattijon da ke maka fatan tsiya.

Amma ka saurari yadda Bahaushe ke raba kalmomin. Dukiya ita ce abin da ake ƙirgawa: shanu, gonaki, gidaje, abin da ke banki. Arziki ya fi ta faɗi. Yaron da ya durƙusa ya gaida manya ana ce masa ɗan arziki ko da wandonsa ɗaya, sannan za ka ji an nuna mai motoci biyar an ce wane ai matsiyaci ne, don ba a taɓa cin tuwon gidansa ba. Rufin asiri kuwa shi ne a wayi gari babu wanda ya san cikin gidanka sai ku da ke ciki: hayaƙi ya tashi a madafa, ba a koro yaro daga makaranta ba, mai bashi bai yi maka sallama da asuba ba, in an yi rasuwa ko haihuwa a dangi kana da abin miƙawa. Shi ya sa in ka ce wa ɗan kasuwa a Tudun Hatsi "ya kasuwa?" amsarsa "alhamdulillahi" ce, ko ya sayar da tirela ko bai yi ciniki ba. Shi ya sa kuma Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa.

Abin da samari ba su sani ba, rufin asiri yana da lissafi, kuma da hatsi ake farawa. Ku auna mudu nawa ke shiga tukunya a gidanku kullum. In mudu 3 ne, a wata 90 ke nan, a shekara 1,080. In buhun da kake saye yana cin mudu 80, kana bukatar buhu 13 da rabi, sai ka ɗora ɗaya ko biyu na baƙi da sadaka. Ku da ke ku biyu yanzu ba za ku kai ko rabin haka ba, amma gida ba ya zama a yadda ya fara. Da kaka ake saye, lokacin da kaya ke shigowa daga ƙauyuka, kafin damina ta yi tsakiya farashi ya hau. Kada ka karɓi masarar da ba ta bushe ba: ka ciji ƙwaya, in ta ce ƙas ta fashe to ta yi, in ta lotsa a haƙori akwai sauran danshi, kuma fumfuna ce za ta biyo baya. Ka jera buhuna a kan katako, ka bar tazara tsakaninsu da bango. Wake kuwa sai buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu da kansu. Masu zuba maganin feshi a cikin abin da iyali za su ci guba suke tara musu. Wannan duka na ci ne. Wanda ya kwashe jarinsa kaf ya zuba a hatsi don jiran tsada caca yake yi, domin akwai shekarun da farashi ke faɗuwa a bar mutum da buhuna da bashi.

Ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Mutane masu miliyoyi a banki suna tsaye a rana gaban mai POS suna magiya a ba su dubu biyar, wanda ke da dawa a rumbu da kuka da daddawa a tukunya kuwa tuwonsa bai fasa ba. Watanni kaɗan bayan haka aka cire tallafin mai, a ranar 29 ga Mayu, kaya suka yi tashin gwauron zabo, kuɗin da aka ajiye a takarda suka zama ba sa sayen abin da suke saye jiya. Don haka ne tsofaffi ke mai da ajiyarsu tunkiya, akuya, ko ɗan kunnen zinare a hannun mata.

Bayan hatsi sai raba aljihu. Uwar kuɗi daban, kuɗin cefane daban, ajiyar ko-ta-kwana daban. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka daga riba duk wata, ka tsaya a kansa kamar albashi. Shago ba ya mutuwa rana ɗaya. Yau an ɗauki na anko, gobe na ragon suna, jibi wani ya karɓi kaya zai kawo kuɗi ranar kasuwa, ba a rubuta ko ɗaya ba, sai an zo saro sabon kaya a ga kuɗin ba su kai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu kunya ke hana mu ɗauko biro a gaban ɗan'uwa. Adashi ma haka: ka shiga wanda zubinsa ba zai taɓa cefanenka ba, ka san uwar adashin, ka san ranar kwasarka.

To, a ce duk ramukan nan ka cike su, Allah kuma ya ci gaba da buɗa maka. Daga nan kuɗi ba sa ƙara maka loma, cikinka ɗaya ne, gadon da za ka kwanta ɗaya ne. Abin da ke ƙaruwa shi ne haƙƙi. Kuɗi ko kayan sayarwa in sun kai nisabi, wato ƙimar dinari 20, kimanin giram 85 na zinare, shekara kuma ta zagayo, za ka fitar da ɗaya cikin 40. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai shagon da kaya ke shiga suna fita kullum yana zaɓar wata guda a shekara ya yi wa kayansa kuɗi ya fitar, wanda kuwa ya saya ya ajiye yana jiran kasuwa sai ranar da ya sayar. Hatsin gona in ya kai wusƙi 5, wato sa'i 300, kusan buhu 6 da rabi na kilo 100, na ruwan sama ana ba da ɗaya cikin 10, wanda aka shayar da injin ban ruwa kamar na masu noman rani a Dadin Kowa ɗaya cikin 20, kuma ranar girbi ake bayarwa. Shanu 30 maraƙi guda, tumaki da awaki 40 guda ɗaya. Wannan na Allah ke nan. Sai na mutane: zauren gidanka zai cika tun kafin ka karya, wannan da takardar asibiti, wancan da kuɗin jarrabawa, ga maroƙa, ga 'yan maula, ga waɗanda ba ka taɓa sanin kun haɗa kaka ba. In ka ba kowa ka karye, in ka hana a ce ka yi kuɗi ka manta asali. Masu hankali a cikin masu kuɗi suna ware kaso sananne na taimako duk wata, in ya ƙare su ce sai wani watan, kuma sun fi son su ba mutum jari ko saniyar kiwo da su riƙa ba shi na cefane. Fulani suna da wannan tun da, abin da suke kira haɓɓanaye: a ba wanda ba shi da garke saniya ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya mai da uwar. Ga kuma zamanin da muka shigo, da mai abin hannu ke ɓoye ranar tafiyarsa ko ga direbansa saboda masu garkuwa da mutane.

Inda dukiya ta fi tona asiri shi ne bayan mai ita ya kwanta dama. Shari'a ba ta bar duhu ba: a yi masa sutura, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba, mata su yi tarayya a tumuni, wato ɗaya cikin 8, in akwai 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Rigimar tana fitowa ne daga abin da mamacin ya bari a dunƙule: shagon da ya buɗe da ƙaninsa ba a rubuta na wa nawa ba, filin da aka saya da sunan babban ɗa, kyautar da aka yi wa ɗaki ɗaya da baki ba shaida, kuɗin ajiyar mutane da suka cakuɗe da nasa. Sai ka ga 'yan uba sun shekara suna sintiri a kotu, gida ya rushe suna kallo.

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce wadata ba yawan kaya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Wani kuma ya ce da ɗan Adam yana da kwari guda na zinare, da ya so ya zama biyu. Ma'anarsu a aikace ita ce mutum ya san adadin da in ya kai zai ce ya isa. Wanda bai yanka wa kansa wannan adadin ba, maƙwabcinsa ne zai yanka masa. Wane ya kai lefe akwati 12, kai ma sai 12, alhali sadaki mafi ƙaranci a wajenmu rubu'in dinari ne. Wane ya yanka sa da layya, kai ma ka ciwo bashi, alhali layya a kan mai hali take. Matan gida kuma ga bikinsu, wadda aka kawo wa dubu biyar sai ta mayar da goma, a haka har abin zumunci ya koma bashi mai ruwa. Kwaɗayin nan ne ya kai mutane ga MMM, harkar nan ta ninka kuɗi da ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016, da ire-irenta da ke fitowa da sabon suna duk bayan 'yan shekaru. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba tare da ka ga abin da ake saye da sayarwa ba, kuɗin na baya yake biyan na gaba da su, ranar da sababbi suka daina shigowa kuma sai a nemi ofis a rasa. An je neman ƙiba an samo rama.

Kada kuma ka ɗauki mutuwar zuciya a matsayin ƙana'a, wannan ita ce ɓarnar da ta fi yawa a majalisun bakin titi. Ƙato ya wuni a kan benci, matarsa na dakau tana ciyar da shi, in an yi magana ya ce shi ya gode wa Allah. Wannan lalaci ne da rawani. Mai wadatar zuci sammako yake yi, ya yi ciniki da ƙarfinsa, ya nemi ƙari ta halal. Bambancinsa shi ne in ya dawo gida barci na ɗaukarsa, kuma sabuwar motar abokinsa ba ta ɓata masa tuwo. In ka je Bauchi ka leƙa kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutumin da ya riƙe Firaministan ƙasar nan har zuwa Janairun 1966 ne, kuma har yau in ana maganarsa ba a kawo zancen gidaje ko kadarori, sauƙin rayuwarsa ake ambata.

Kaka ta kusa, don haka ka zauna da amaryarka ku auna mudun nan na mako guda kafin ka sayi komai, ita ta fi ka sanin abin da tukunya ke ci. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi na shago, shafin hagu na abin da kake bi, na dama na abin da ake bin ka, kuma wani amintacce ɗaya ya san inda yake. In ka shigo da Sallah ka taho da shi mu duba watan da ya kamata ka riƙa fitar da zakkarka. Ka gaida mahaifiyarka da mutanen gidan.

Baffanka.