Hatsi a Rumbun Masana'anta: Gudana Yake Yi ko Kwarara?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin injiniya ne, ina fassara darasi kan yadda hatsi, siminti da takin zamani ke fita daga manyan rumbunan masana'antu. In ce suna gudana ne, ko kwarara?

Amsa: Ka ce kwarara, ka bar gudana ta huta. Kalmar nan ta sha wuya a bakin masu karanta labarai: taro ya gudana, zaɓe ya gudana, bincike na gudana, har an manta daga gudu ta fito, kuma ruwan kogi ne mai ita tun asali. Abin yana damuna ƙwarai.

To amma ko da ba a gajiyar da ita ba, ba za ta yi maka aiki ba, domin hatsi ba ruwa ba ne. Cika tanki da ruwa, nauyin da gindinsa ke ji zai riƙa ƙaruwa gwargwadon tsayin ruwan. A 1895 wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ya auna, ya tarar hatsi ba haka yake ba: in ya kai wani tsayi, ko ka ƙara zubawa gindin ba ya ƙara jin nauyin kirki, saboda ƙwayoyin suna tokare bango, bangon ya ɗauke musu kaya. Wajen fita ma haka. Ruwa yana fesowa da ƙarfi in tanki na cike, ƙarfinsa ya ragu in ya kusa ƙarewa. Hatsi kuwa saurinsa kusan ɗaya ne daga farko har kusan ƙarshe, faɗin ƙofa da girman ƙwaya ne ke da ta cewa. Bisa lissafin wani masani mai suna Beverloo da abokan aikinsa na 1961, in ka ninka faɗin ƙofar sau biyu, abin da ke fita ya ninku fiye da sau biyar. Kada kuma ka ce malala. Ruwa ne ke malala ya shimfiɗe, busasshen yashi tsibi yake yi, gefensa ya tsaya a wajen digiri 30 zuwa 35. Kwarara kuwa mukan faɗe ta ga hawaye, mu faɗe ta ga jama'a masu shigowa gari, wato ta saba da abin da yake ɗaiɗai ne amma yake tafiya tare.

Tambaya: Ƙasan rumbun da ke tsukewa zuwa ƙofa, mazubi ne ko mazurari?

Amsa: Mazurari. Mazubi shi ne rumbun gaba ɗaya.

Tambaya: Na karanta cewa masana na yin "samfuri" na hatsi suna ɗaukarsa abu guda marar tsinkewa. Ban gane ba, ai ƙwaya-ƙwaya yake.

Amsa: Laifin mai fassarar abin da ka karanta ne, ba naka ba. Samfuri ɗan abin da aka ɗiba ne don a nuna irin sauran. Abin da ake nufi a nan kamantawa ce da lissafi, kuma haka ya kamata a rubuta.

Ga ma'anar kuwa, tuna karin maganar nan: tsakuwa ɗaya ba ta daɓe. Galibi kan haɗin kai ake kawo ta, amma ka duba abin da ta faɗa a zahiri. Daɓe yana da halin da babu shi a jikin kowace tsakuwa, kuma mai taka shi ba ya ƙirga tsakuwoyin. Hanyoyin lissafin biyu ne. Akwai ta bin kowace ƙwaya da karonta da maƙwabtanta, wadda masana Cundall da Strack suka fito da ita a 1979, sai dai babban rumbu na ɗauke da biliyoyin ƙwayoyi, kwamfuta kan gaza. Ɗaya hanyar ita ce kallon daɓe: a ɗauki tarin jiki ɗaya, a tambayi matsi nawa ne a nan, sauri nawa ne a can. A 2006 masana Jop, Forterre da Pouliquen a Faransa suka nuna za a iya yin haka in an bar gogayyar da ke cikin tarin ta riƙa canzawa bisa matsi da saurin zamewar wani sashe a kan wani. Inda hanyar ke rauni shi ne in ƙofa ta ƙuntata har ƙwayoyi kaɗan ne ke iya wucewa a jere. Nan fa dole a koma ƙirga tsakuwa.

Tambaya: Toshewa da cunkushewa ɗaya ne?

Amsa: A'a, kodayake mutane na gwamutsa su. Ƙofa ce ke toshewa, kayan ciki ne ke cunkushewa. Wani lokaci ƙwayoyin kan tokare juna su yi baka a saman ƙofa, ƙasa fayau amma ba abin da ke sauka. Wani lokaci tsakiyar ce kaɗai ke zurarewa, gefe ya tsaya cik. Andrew Jenike na Jami'ar Utah a Amurka ne ya tsara a shekarun 1960 yadda za a zaɓi gangaren mazurari da faɗin ƙofa don kauce wa duka biyun.